Seminar falsafar kimiyya da ɗa'a: yadda ake zaman, da yadda tambaya take zama aikin bincike

Tsakanin shekarar 1924 da 1936, wasu masana lissafi da fiziya da falsafa sun riƙa haɗuwa da yammacin ranakun Alhamis a birnin Vienna, Moritz Schlick yana shugabantar zaman. Akwai Rudolf Carnap a cikinsu, da Otto Neurath, da Hans Hahn, da matashi Kurt Gödel. An yi lokacin da suka ɗauki ɗan ƙaramin littafin masanin falsafa Ludwig Wittgenstein suka bi shi jimla bayan jimla, kowace sai an yi mata filla-filla kafin a wuce. Babban kaso na abin da ake kira falsafar kimiyya a yau daga irin wannan zama ya tsiro. Masanin sinadarai yana da ɗakin gwajin da zai nuna masa ko tunaninsa ya yi daidai. Shi kuwa mai falsafa, ɗakin gwajinsa tebur ne da mutum goma da suka karanta abin da ya rubuta, kowa yana lalubar inda hujjar ta yi rauni. Shi ya sa nake ganin duk mai neman gurbin bincike a fannin kimiyya da ɗa'a ya fara da koyon zaman semina, domin tambayar da zai kai gaban masu ba da tallafi a nan ake sassaƙa ta.

Abin da ake kira semina iri uku ne. Akwai zaman karatu, inda mutum shida zuwa goma sha biyu suke haɗuwa mako-mako na awa ɗaya da rabi a kan maƙala guda. Akwai zaman aikin da ba a gama ba: marubuci ya raba rubutunsa mako guda kafin ranar, ya gabatar da shi a minti biyar ko goma, mai sharhi ya yi nasa minti goma, sauran lokacin duk na tattaunawa ne. Sai na uku, wanda ake gayyato baƙo ya yi jawabin minti 45 zuwa awa ɗaya, a ɗan huta, a shiga tambayoyi. Na ukun ya fi jan jama'a, amma na farko da na biyu su ne suke gina mutum.

Abin da ya fi kashe zaman karatu shi ne yawan abin karantawa. Idan aka ba mutane shafi 80, ba wanda zai gama, sai a zo ana zagaye-zagaye a kan abin da kowa ya riga ya sani. Shafi 20 zuwa 30 ya wadatar, wani lokaci ma ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Maƙalar da masanin falsafa Richard Rudner ya buga a mujallar Philosophy of Science a 1953 shafi shida ce kacal, amma za ta iya cin zama biyu cur, kuma da ita zan nuna yadda aikin yake.

Wanda aka ɗora wa gabatarwa, aikinsa shi ne ya fito da ƙashin hujjar a shafi ɗaya, ya jera muƙaddimominta, wato maganganun da aka gina ta a kansu, da lamba, ya rubuta natija, wato abin da suka kai ga, a ƙasa, ya raba wa kowa. Ta Rudner ga yadda take. Na ɗaya, masanin kimiyya yana karɓar hasashe ko ya yi watsi da shi, wannan na cikin aikinsa. Na biyu, babu hasashen da shaida take tabbatarwa ɗari bisa ɗari. Na uku, saboda haka duk wanda ya karɓi hasashe ya yanke hukunci ne cewa shaidar ta isa. Na huɗu, iyakar da za a ce ta isa tana rataye ne da girman ɓarnar da za a yi idan aka yi kuskure. Natija: masanin kimiyya, a cikin aikinsa na kimiyya, yana yanke hukuncin ɗa'a. Misalin da ya kawo mai sauƙi ne. Kafin ka yarda cewa gubar da ke cikin wani magani ba ta kai ta kashe mutum ba, za ka nemi tabbaci mai ƙarfi ƙwarai. Kafin ka yarda cewa ƙarafan bel da inji ya buga ba su da aibi, ɗan abu kaɗan ya ishe ka.

Amfanin wannan jeri shi ne yana hana gardamar da ba ta da kai. Duk wanda bai yarda da natijar ba, sai shugaban zama ya tambaye shi: wace lamba ka ƙi? Richard Jeffrey, da ya mayar da martani a 1956, lamba ta ɗaya ya kama. Ya ce aikin masani shi ne ya faɗi gwargwadon yiwuwar abu, ya bar wa masu yanke shawara su auna ɓarna. To shi kansa wannan gwargwadon, ai karɓarsa ake yi, kuma Rudner ya riga ya hango wannan amsar. A nan zaman yake yin zafi, kuma a nan ne ake buƙatar wanda ya san aikin kimiyya da hannunsa. Heather Douglas ta farfaɗo da muhawarar a shekarar 2000 da wani misali da nake so kowane ɗalibi ya sani. An ba ɓeraye sinadarin dioxin mai guba, aka yanko hantarsu aka shimfiɗa a kan gilasai. Sau uku likitocin duba tsoka daban-daban suka duba gilasan nan guda a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a 1978 da 1980 da 1990, kowane karo aka fito da adadin ƙari daban, wato tsiron da ka iya zama ciwon daji. Gilashin bai canza ba. Abin da ya bambanta shi ne inda kowa ya ja layi a kan tabon da bai fito sarai ba: a ƙirga shi ƙari, ko a bar shi? Wanda ya cika ƙirgawa zai sa a tsaurara doka fiye da buƙata. Wanda ya cika bari zai sa a saki guba cikin jama'a. Hukuncin ɗa'ar da Jeffrey ya so a tura wa 'yan siyasa, ga shi nan a bakin madubi tun kafin a rubuta rahoto.

Daga nan sai wani a teburin ya ɗago maganar ma'auni. A likitanci da ilimin halayyar ɗan Adam, an saba karɓar sakamako idan damar ganin irinsa, alhali babu wani tasiri a zahiri, ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Masana ƙananan ƙwayoyin fiziya kuwa ma'aunin da ake kira sigma biyar suke nema, wato damar ta zama kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi, kuma da shi aka sanar da gano ƙwayar Higgs a 2012. Wa ya aza waɗannan iyakoki, kuma da wane dalili? Zaman da ya kai ga irin wannan tambaya ya biya kuɗin sabulu.

Lokacin tambayoyi yana da ladabinsa, kuma rashin kiyaye shi yana ɓata zama mai kyau. A wurare da yawa ana bin ƙa'idar hannu da yatsa: mai sabuwar tambaya ya ɗaga hannu a sa shi a layi, mai ƙarin bayani a kan tambayar da ake ciki ya ɗaga yatsa ɗaya a ba shi dama nan take, da sharaɗin ya taƙaita. Matsalar da ke tasowa ita ce manya su riƙa shigo da sabuwar tambaya ta ƙofar yatsa, sai a tashi ɗalibai ba su ce uffan ba. Maganinsa yana hannun shugaban zama. Ya ba da hutun minti biyar bayan jawabi domin masu jin nauyi su tsara abin da za su faɗa, ya fara da ɗalibai, ya tsaya a kan tambaya ɗaya ga mutum ɗaya, ya katse duk wanda ya wuce minti biyu cikin ladabi, ko shi wane ne. Tambaya mai amfani tana nuna wuri: "A shafi na bakwai ka ce kaza, amma misalinka na biyu kamar yana rushe shi." Mai jawabi kuma ya roƙi wani ya rubuta masa duk tambayoyin, domin wanda ke tsaye yana kare kansa ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa masa.

Mai jawabi ya lissafa lokacinsa da kalmomi. Mutum yana karanta kalma 130 zuwa 150 a minti ɗaya idan yana so a fahimce shi, wato jawabin minti 20 bai wuce kalma 3,000 ba, na minti 45 kuma wajen 6,000. Wanda ya zo da babin kundinsa mai kalma 12,000 zai ƙare da gudu, kuma ɓangaren da zai tsallake shi ne na ƙarshe, inda nasa ra'ayin yake.

Zaman da ya haɗa masu falsafa da masana kimiyya yana da tasa wahalar ta daban. Kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu ba wanda ya lura. Idan masanin ƙididdigar cututtuka ya ce haɗari, yiwuwar aukuwar abu yake nufi, lamba ce. Idan mai ilimin ɗa'a ya faɗe ta, yakan haɗa da munin abin da kuma wanda zai faɗa wa. Za a iya shafe rabin awa ana musu alhali ba a saɓa ba. Kalmomi uku ko huɗu da jawabin ya dogara a kansu, a fayyace su a takardar da aka raba tun farko. Sai kuma kuskuren da kowane ɓangare yake yi. Masanin kimiyya yakan kawo sakamakon jin ra'ayin jama'a ya ce ga amsa, alhali tun ƙarni na 18 David Hume ya ja hankali cewa daga "haka abin yake" ba a tsallakawa kai tsaye zuwa "haka ya kamata". Mai falsafa kuma yakan gina hujja a kan kimiyyar da ya tsinta a jarida. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin likita ɗaya a ɗakin zai rushe aikin wata shida da jimla guda, kuma da gaskiyarsa.

Muhawarar maganin AZT ta nuna dalili. A 1994, gwajin da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna cewa maganin yana rage yaɗuwar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Tsarin yana da tsada da tsawo, sai aka shiga gwada gajeren tsari a ƙasashen Afirka da Tailan, ana kwatanta shi da ƙwayar da babu magani a cikinta. A 1997 Peter Lurie da Sidney Wolfe, da kuma Marcia Angell, suka yi kakkausar suka a mujallar New England Journal of Medicine: ta yaya za a hana mata maganin da aka san yana aiki? Masu kare gwajin suka ce tambayar da waɗannan ƙasashe suke buƙatar amsarta ita ce ko gajeren tsarin ya fi babu, tunda dogon ba zai iso gare su ba. Ba za ka iya auna wannan amsa ba sai ka san yadda shayarwa take shafar yaɗuwar cutar, da yadda adadin kamuwa yake bambanta daga wuri zuwa wuri, da yawan mutanen da kowane fasalin gwaji yake buƙata. Rigimar ta kai har aka sake fasalin Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin binciken likitanci a kan mutane, a 2000, aka ƙara mata bayani a 2002. Mai shiga wannan fanni ya karanta takardun asali da idonsa, ba su da tsawo: Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 guda goma ne, Sanarwar Helsinki ta fara fitowa a 1964 kuma an sabunta ta a 2024, Rahoton Belmont na 1979 ya biyo bayan tonon asirin binciken Tuskegee a Amurka, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani.

Tambayar da ta jure wa zama biyu ko uku ita ce ake mayarwa tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙala, a aika wa taro. Galibi kalma 300 zuwa 500 ake nema, wani lokaci 1,000, wasu kuma cikakkiyar maƙala suke so. Ƙungiyar masana falsafa ta Amurka, alal misali, tana iyakance gajerun maƙalun tarukanta a kalma 3,000. Tsakuren da ake yarwa shi ne mai cewa "za a duba alaƙar kimiyya da ɗa'a". Wanda ake ɗauka yana faɗin matsayinsa a jimla ta biyu ko ta uku, ya ambaci wanda yake jayayya da shi, ya nuna matakan hujjar, ya kawo sukar da ta fi ƙarfi tare da amsarta. Tunda ana tantancewa ne ba tare da sanin marubuci ba, a cire suna daga rubutun, a cire shi daga bayanan da kwamfuta take liƙa wa fayil, kada kuma a rubuta "kamar yadda na nuna a maƙalata ta baya". A intanet, sanarwar taruka tana taruwa a shafin PhilEvents, guraben aiki a PhilJobs, rubuce-rubucen falsafar kimiyya da ba a kai ga bugawa ba kuma ana samunsu kyauta a PhilSci-Archive. A yi hattara da tarukan 'yan damfara. Alamarsu ba ta ɓuya: taro ɗaya ya haɗa injiniyanci da falsafa da aikin jinya, a karɓi tsakurenka cikin kwana biyu, wasiƙar karɓar ta zo da lambar asusu.

Guraben bincike kuwa, gara a san su tun shekara guda kafin a buƙace su. Cibiyar falsafar kimiyya ta Jami'ar Pittsburgh, wadda Adolf Grünbaum ya kafa a 1960, tana karɓar baƙin masu bincike na zango ɗaya ko shekara. Sashen ɗa'ar likitanci na cibiyoyin lafiya na ƙasar Amurka, NIH, yana da horon shekara biyu, kuma yana ɗaukar masu falsafa da lauyoyi da likitoci. Gidauniyar Brocher da ke gaɓar tafkin Janeba tana ba masu nazarin ɗa'a da shari'a a harkar lafiya masauki na wata ɗaya zuwa 'yan watanni su zauna su yi rubutu. Cibiyar Fogarty, wadda take ƙarƙashin NIH, tun shekarar 2000 take ɗaukar nauyin horon ɗa'ar bincike ga mutanen ƙasashe masu tasowa. Akwai kuma Global Forum on Bioethics in Research, taron da ake ginawa a kan misalan da mahalarta suka aiko daga wuraren aikinsu, wanda a ganina yana cikin ƙofofin da suka fi sauƙin shiga ga wanda bai yi suna ba tukuna. Ga wanda ya gama digiri na uku, gidauniyar Humboldt ta Jamus tana ba da wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da kammalawa ba, tana kuma da shirin Georg Forster na masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai na shekara ɗaya zuwa biyu ne, ana rufe karɓar takardu a watan Satumba, kuma yana da sharaɗin da yake kayar da mutane da yawa: kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka gabaci ranar rufewa. Sharuɗɗa suna sauyawa, saboda haka sanarwar shekarar da ake ciki ita ce abin bi.

Mafi yawan waɗannan suna buƙatar mai masauki, wato malamin da zai karɓe ka a sashensa. A rubuta masa wata huɗu zuwa shida kafin wa'adi, wasiƙar da ba ta wuce sakin layi uku ba: ga tambayata, ga inda ta haɗu da aikinka, ga tallafin da nake nema da ranar rufewarsa. A haɗa da shafi ɗaya na tsarin aikin da takardar tarihin karatu. Masu rubuta wasiƙar shaida a ba su mako shida, tare da daftarin da za su yi magana a kai.

Wurin da masu falsafa suka fi faɗuwa a takardar neman tallafi shi ne sashen hanyar bincike. Kwamitin tantancewa yakan haɗa masanin tarihi da masanin zamantakewa da likita, kuma "zan yi nazari mai zurfi" ba ya gaya musu komai. A rubuta abin da za a yi da hannu: waɗanne hujjoji uku za a warware, waɗanne misalai na zahiri za a gwada su a kai, me ya sa waɗannan, wane sakamako ne zai sa ka janye ra'ayinka. A raba watannin, a sa maƙala biyu ko uku da sunan mujallun da za a aika wa, a tuna cewa tantancewar mujalla takan ci watanni kuma ba a aika maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda. Idan aikin ya ƙunshi hira da likitoci ko majinyata ko raba takardar tambayoyi, to ya zama bincike a kan mutane, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a yi hira ta farko. Ba a ba da wannan izini bayan an gama, kuma mujallu ba sa karɓar bayanan da aka tara ba tare da shi ba. A ware masa wata biyu ko uku a jadawalin.

Akwai wata ƙofar da take ƙara faɗi, wato a ɗauki mai falsafa a cikin ayarin masana kimiyya. Asalinta yana komawa ga shirin taswirar ƙwayoyin gadon ɗan Adam, wanda daga 1990 ya ware kashi 3 cikin 100 na kasafinsa, daga baya kashi 5, domin nazarin ɗa'a da shari'a da zamantakewa. Yau ana ganin irin wannan gurbi a binciken gyaran ƙwayoyin gado da ƙirƙirarriyar basira da kimiyyar ƙwaƙwalwa. Alherinsa babba ne: kana zaune a taron ɗakin gwaji na mako-mako, kana ganin inda ake jan layi a kan tabon da bai fito sarai ba, abin da ba za ka taɓa samu a littafi ba. Haɗarinsa shi ne a mayar da kai mai cike fom ɗin neman izini, ko a sa sunanka a takarda domin a ce an tuntuɓi masanin ɗa'a. Kafin a sa hannu a tambayi abu uku, a kuma nemi amsarsu a rubuce: kashi nawa na lokacinka ne na bincikenka, wa yake da ikon hana ka buga abin da ya soki aikin ayarin, kuma wane sashen falsafa ne zai ba ka kujera a seminarsa ta mako-mako. Idan jami'ar ba ta da irin wannan zama, a nemi mutum biyar, a tsayar da rana ɗaya da awa ɗaya da ba sa canzawa, a fitar da jerin maƙalu takwas na zangon tun kafin zaman farko, kowace da sunan wanda zai jera muƙaddimominta.